Habboba Mai Magana Ɗaya

Ranar da muka kai Habboba makwancinta, wanda ya fi kowa kuka ba ɗan gidanmu ba ne. Mai kantin bakin layinmu ne, dattijo mai furfura, wanda suka shekara da shekaru suna sa-in-sa da ita a kan kayan kantinsa. Ya tsaya a bakin rumfar makoki yana share ido da jelar rawani, yana cewa, "To yanzu wa zai gaya mini man gyaɗata ya tsufa? Kowa sai ya ce mini kwayyis, kwayyis, kaya sun yi kyau, ya koma gida ya zage ni." Maza suka fashe da dariya, hawaye na zuba.

A cikin gida kuwa, Hajiya maƙwabciyarmu ce ta kama ragamar tukwane kamar uwarta ce ta rasu. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta tare ta da magana guda: "Katanga ɗaya muke da ita tun ina amarya. Ita da kanisarta ta masu bin Almasihu, ni da sallata. Ban taɓa gaya mata asirina na ji ya dawo mini ta wata ƙofa ba." Matan ikkilisiyarmu suka yi ta waƙoƙin yabo har murya ta dushe. Wata tsohuwa da ba mu ma san ta ba ta zo tun daga Khartum, ta zauna ta sha shayi, ta ce ita dai ta zo ganin gidan matar da ta taɓa hana a yi da ita a bayan idonta, ta tashi ta tafi.

Uwar mijina ce. Habboba shi ne kaka a bakin mutanen Sudan, kuma duk unguwarmu ta Dar Salam haka ake kiran ta, har waɗanda suka girme ta. Mahaifinsu ne ya taho da ita da ƙanwarta daga ƙasar Zazzau suna ƙanana, ya zo aikin dafa abinci, bai koma ba. Mu masu bin Almasihu a cikin Hausawan Omdurman ba mu da yawa, gidajenmu a yatsa ake ƙirga su. Hausarmu ma a baki take. Ni da Larabci na yi makaranta. Habboba ce ta zaunar da ni ina sabuwar amarya, ta buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifinta, wanda bangonsa ya zama kamar fatar ganga, ta koya mini karanta Hausa da yatsanta a kan layi. Da abin da ta koya mini nake rubuta wannan. Ta riga mu gidan gaskiya kafin tashin hankalin da ya watsa mu, kuma yanzu da jikokinta suke warwatse, ina tsoron su girma su san sunanta kawai.

Amma akwai wadda ta zo makokin ba ta shigo ba. Ƙanwar Habboba ce, Inna Ƙarama, wadda take zaune a unguwar Alsahafa, can hayin kogi. Shekara tara ba sa magana. Kullum da safe, cikin kwana ukun makokin nan, sai ta hau mota biyu ta tsallako kogi, ta zauna a kan 'yar kujera a gindin darbejiyar ƙofar Hajiya, ta lulluɓe da farin mayafi, da la'asar ta koma. Ta rantse tun da daɗewa ƙafarta ba za ta sake taka gidanmu ba. Kuma daga baya ta ƙara da baki: "Allah ya sa ki mutu ke kaɗai, babu mai ɗiga miki ruwa!"

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, haka ɗin aka yi. Habboba ita kaɗai ta cika, kuma ni ce kaɗai a gida.

Yayar maigidana ta ja ni bayan randa tun ranar farko. "Ki saurare ni da kyau. In Inna ta tambaye ki, ki ce muna nan dukanmu a kanta, ta kira sunanta, ta ce ta yafe. Kin ji?"

"Yaya, ai ba haka aka yi ba."

"Na san ba haka aka yi ba! Tsohuwa ce mai hawan jini. Kina so mu yi makoki biyu a mako ɗaya? Ƙaryar da za ta ɗinke zumunci ai ba ƙarya ba ce. Kowa haka yake yi a gidan mutuwa."

Gaskiyarta, kowa haka yake yi. Ni ma na sha jin mamatan da suka yafe wa duniya gaba ɗaya a bakin waɗanda ba sa wurin. Na tambayi maigidana, ya ce, "Ke ce 'yar makarantarta." Ya bar ni da kayana.

Sai na gaya muku ko wace ce malamar, sannan ku gane nauyin kayan.

Habboba ba ta rantsuwa. A garin da yaro ba ya iya cewa ya sha ruwa sai ya haɗa da wallahi, ita ko sau ɗaya ban ji ba. Takan ce Ubangijinmu ya koya mana i ɗinmu ta tsaya da ƙafarta, a'a ɗinmu ma haka, duk abin da aka jingina wa sanda to gurgu ne. Tana soya gyaɗa tana sayarwa a ƙofar gida. Wata rana wani mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya tsaya ya ce, "Habboba, ta yau ce?"

"Ta jiya ce."

"Haba, ki ce ta yau ce mana, raina ya yi daɗi."

"Ranka ya daɗe da yin daɗi a kan ƙarya, shi ya sa ka rame. Ta jiya ce, kuma ta fi ta yau ɗin wasu."

Ya saya, ya kuma dawo washegari da abokansa. Har ta kai in gardama ta kaure tsakanin mata a layi, sai ka ji wata ta ce, "Mu je gaban Habboba ki maimaita." Yawanci a hanya ake sasantawa.

Kada ku ɗauka shiru-shiru ce. Wayyo, tana da faɗa! Sai dai faɗanta da albarka take yin sa. In jikanta ya fasa kofi, za ka ji murya har layi na uku: "Kai ɗan albarka! Allah ya ba ka gida cike da kofuna, da 'ya'ya goma masu hannu irin naka!" Ranar da babban ɗana ya tsoma takalminsa a kullun kisra, wainar dawar nan mai faɗi da muke ci da miya, ni na buɗe baki na ce masa ɗan banza. Ba ta ce mini komai a gabansa ba. Sai da ya fita wasa ta ce, "'Yata, wa ya ba ki ɗan nan?"

"Ubangiji."

"To Ubangiji ya taɓa ba da banza? Bakin uwa rini ne. Launin da kika tsoma shi a ciki da shi zai fita."

Na ji kunya har na ƙona kisra uku a jere, tana zaune tana dariya tana cinye ƙonannun.

Akwai kuma abin da take yi a wurin jabana. Mata a nan in an gama aikin safe sai a taru a gida ɗaya, a soya kofi a kan gawayi, a daka da citta, a sa turare, a sha zagaye uku. To kun san inda mata suka zauna da ƙananan kofuna, naman wadda ba ta zo ba shi ne abin taunawa. Habboba ba ta wa'azi, ba ta ɓata fuska. Da an ɗauko zancen wance, sai ta jawo kofi guda, ta cika shi, ta ajiye a gefen tabarma inda babu kowa, ta ce, "Bismilla, ga na wance. Ku ci gaba, tana ji." Sai ka ga magana ta maƙale a wuya. Wata rana Hajiya ta ce, "Ke dai kina ɓarnar kofi." Habboba ta ce, "Ku ne masu tsada, ni da ruwa ma zan sha." In kofin ya huce ita take shanyewa, don haka takan ce ranar da aka yi gulma da yawa ba ta iya barcin rana.

Ita da kanta ta gaya mini ba haka aka haife ta ba. Tana budurwa, in ji ta, harshenta ya fi aska, ta taɓa zagin wata mata har matar ta bar unguwa. Shi ya sa har ta tsufa, in za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta taɓa leɓenta da yatsa biyu ta ce, "Ubangiji, ga ni zan fita da dokin nan. Ka riƙe linzami." Yara suna kwaikwayonta suna dariya, ita ma tana taya su.

Amma dokin ya taɓa kubce mata, kuma ta hanyar gaskiya ya kubce.

Ɗan Inna Ƙarama ya nemi auren wata yarinya a ikkilisiyarmu. Kamar yadda aka saba, iyayen yarinyar suka aiko dattawa biyu bincike, kuma gidan wa za su fara zuwa in ba gidan wadda ba ta ƙarya ba? Ina nan na kawo musu ruwa. A al'ada, dangin ango yabo suke yi: yaro ne mai hankali, ko kaza bai taɓa kora ba. Suka ce, "Habboba, ɗan ƙanwarki ne, yaya halinsa?" Ta ce, "Yana da hannun kyauta, yana girmama manya, kuma ya iya aikinsa. Amma yana shan giya, in ya sha ba ya sanin inda yake. In 'yata ce, sai ya daina zan ba shi." Dattawan suka yi godiya. Auren bai yiwu ba.

Kwana biyu sai ga Inna kamar guguwa. Ba zan maimaita duk abin da aka faɗa ba, don wasu kalmomin an riga an binne su. A ranar ta yi rantsuwar, amma bakin nan mai nauyi sai daga baya ya fito, ranar da na raka Habboba Alsahafa ba da haƙuri. A tsaye muka yi ta sallama a ƙofa, Inna ta leƙo ta taga ta jefo mana shi, ta rufe.

Abin da ya sa nake ƙaunar matar nan shi ne ba ta taɓa cewa ita ce mai gaskiya duka ba. Takan ce, "Abin da na faɗa wa dattawan ba zan janye ba, don yarinyar ma 'yar wani ce. Amma na san halin yaron nan shekara biyu ban je na zauna da uwarsa ba. Na bar ta ta ji a bakin baƙi. Gaskiya kamar kisra ce, 'yata. In ka miƙa wa mutum ita gaya, babu miya, sai ta shaƙe shi." Shi ɗan, abin mamaki, bai riƙe ta ba. Bayan wasu shekaru ya bar shan, ya yi aure, yakan zo ya gaishe ta a ɓoye, har yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Uwar ce ta kasa sauka daga kan maganarta.

Ga yadda ta rasu. Da hantsi ne, tana kishingiɗe a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, da maficinta a hannu. Ba ciwo take yi ba, tsufa ne kawai. Na ɗora albasa a wuta, na tsaya muna hira da Hajiya ta kan katanga. Sai na ji ta ce, "'Yata, albasarki tana ƙonewa." Na ruga kicin. Na kwashe, na sake yanka wata, na zuba tumatir, na ɗebo mata ruwa a kofi. Da na dawo mafici yana kan ƙirjinta, fuskarta kamar an gaya mata labari mai daɗi. Ruwan yana hannuna.

Kwana uku ina juya abin nan. In na kalli Inna a gindin darbejiya, duk ta ƙanƙance kamar yarinyar da aka kora daga aji, sai in ce Yaya ta fi ni hankali. In na shiga ɗaki na ga Littafin a kan taga, sai bakina ya yi nauyi. Na yi addu'a, amma ban ji wata murya ba. Na yi ta roƙon kada ta tambaye ni.

Rana ta uku, ana shirin kwance rumfa, na fito zubar da ruwan wanke-wanke, Inna ta yafito ni. "Zo nan, matar ɗana."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama wuyan hannuna, yatsunta sanyi ƙalau a cikin zafin nan.

"Yayar mijinki ta zo ta gaya mini ɗaki cike yake, wai ta kira sunana sau uku. Waccan tun tana ƙarama in tana ƙarya hancinta buɗewa yake yi. Ke nake tambaya. Wa ke kanta?"

Na hango Yaya a bakin ƙofa tana zare mini ido. Na ce, "Inna, babu kowa. Ina kicin."

"Ruwa fa?"

"Na kawo. Na tarar ta riga ta tafi."

"Me ta ce na ƙarshe?"

"Ta ce albasata tana ƙonewa."

Ta saki hannuna, ta ɗora nata biyu a ka. "Bakina ne. Wayyo ni, bakina ne ya kama 'yar'uwata."

Na matso na riƙe gwiwoyinta. "Inna, kin tambaye ni na gaya miki, kuma kin ga ban rage ba. To ki bari in ƙarasa, ki yarda da sauran kamar yadda kika yarda da na farkon. Ranar da kika yi maganar nan ta taga, ni na yi ta kuka a mota. Muna kan gada yayarki ta dafa ni ta ce, 'Share hawayenki. Yarinyar nan ba ta san abin da take faɗa ba. Wanda yake da Yesu, ta ina zai mutu shi kaɗai? Ko a rijiya na faɗa, mu biyu ne.' Har dariya ta yi. Ta ce kada in kuskura in gaya wa mijina, don kada ya riƙe ki a zuci."

Ta ɗago ido, na ci gaba.

"Ba ta ce ta yafe miki a ranar mutuwa ba, don ba ta ajiye shi sai ranar mutuwa ba. Kullum da safe in tana addu'a, kin san ta ba ta iya addu'a a hankali ba, har kaji suna ji. Bayan ta gama da 'ya'yanta sai ta ce, 'Ubangiji, ga ƙanwata ta Sahafa, mai taurin kai irin nawa. Ka yafe mini abin da na yi mata. Ka sa mata albarka, ka kuma duba mata gwiwarta ta hagu.' Shekara tara, Inna. Ranar da ta rasu ma da kunnena na ji."

Inna ta ce, "Ta hagu?"

"Ta hagu."

"Wane maras kunne ne ya kai mata labari? Ai ta dama ce take ciwo!" Ta buga cinyarta. "Shi ya sa! Shekara tara ta hagun nan ko ƙaiƙayi ba ta yi, ta daman kuwa kamar ana sara da gatari!"

Ban san lokacin da dariya ta kubce mini ba. Ita ma ta fashe, dariya da kuka a haɗe, har mayafinta ya zame, tana cewa, "Yayata ke nan! Ko a gaban Allah sai ta yi abu rabi daidai!" Hajiya ta fito da ludayi a hannu tana tambayar lafiya. Yayar maigidana ta tsaya baki buɗe. Muka yi ta yi har maza a rumfa suka waiwayo.

Da ta lafa, ta share fuska da gefen mayafi, ta daɗe tana kallon ƙofar gidanmu. Taku goma ne tsakani, ko bai kai ba.

"Na fa rantse," in ji ta, a hankali.

"Na sani, Inna."

"Wanda na rantse da sunansa ya san da hauka na yi. Zan roƙe shi gafara a ciki, a wurin da ta kwanta." Ta miƙo mini hannu. "Ɗaga ni. A'a, ta nan, ta ɓangaren dama, wadda ba a yi wa addu'a ba."

Na sa kafaɗata, ta jingina. Muka taka a hankali, mata suka dare suka ba mu hanya, wata a cikinsu ta ɗauko waƙar yabo da muryar da ta dushe, sauran suka amsa. A bakin ƙofa Inna ta tsaya ta numfasa, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka dokin ƙofar, ta ce da ƙarfi yadda ake yi wa mai rai, "Salama alaikum, Yaya. Na zo."

Ubangiji ya hutar da ke, Habboba, a wurin da babu baƙar magana. Mu da muka rage, ya ba mu bakin da ba za mu ji kunyarsa ba ranar da za mu sake gaisawa.